Yanda muka fara koya ma ɗanmu mai otizim zaman kansa a Legas, mataki mataki

Ɗan fari ne, dan haka bazan kama sunansa ba, kuma da alkunya zan bi da ko rubutun nan bazan yi ba, amma abun ya fi ƙarfin kunya. Shekararsa 21 yanzu, yana da otizim, lalurar da kike ji a rediyo ana ce ma galahanga. A Agege muke zaune, babansa na harkar albasa a kasuwar Mile 12. Abun da ya farkar dani wata kwanciya ce da nayi a asibiti ta kwana 6 lokacin yana da 16. Kafin a sallamo ni gida ya hargitse, yaro ya daina cin abinci, ba wanka ba barci, kuma ba wai babu masu sonsa a gidan bane, ni kaɗai ce na san baya cin shinkafa in miya ta taɓa ta, ni kaɗai na san soson da yake yarda a goga masa, ni kaɗai na san in ya fara murza kunnensa na dama to saura ƙiris ya birkice. A kan gadon nan na tambayi kaina, yau da tafiyar kenan fa, wa zai riƙe shi?

A Ingila akwai tsarin da matashi irin wannan ke samun ɗakin hayarsa da sunansa, ƙaramar hukuma kuma ta biya ma'aikatan da za su riƙa zuwa suna kama masa a inda ya gaza. Mu anan kar ki zauna jiran wannan, ke da dangi da maƙwabta ne za ku gina naku. Kuma zaman kai ba yana nufin ki wurga shi ɗaki ki juya baya ba. Abun da zai iya ya yi da hannunsa, wanda bazai iya ba a samu wanda zai tsaya masa, kuma wanda zai tsaya ɗin kar ya zama ke kaɗai. Wani yaron zai kai ga riƙe ɗaki da sana'a, wani iyakarsa ya iya wanka da sa kaya da nuna abun da yake so, duka biyun cigaba ne, kar ki auna naki da na wata.

Mataki na farko, ki sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, tun yana 14 ko 15 in da hali, ni na makara. Ki ja layi ki raba shafi uku: abun da yake yi shi kaɗai, abun da yake yi sai an tuna masa, abun da sai an kama masa. Sati guda cur ki zuba ido tun daga tashin asuba har kwanciya, goge baki, alwala, wanka, zaɓen kaya, zuba abinci, kulle ƙofa, amsa sallama, komai. Abu mafi wuya anan shine ki riƙe hannunki. Ni sai a satin nan na gane abubuwa da yawa da nake cewa baya iyawa, ni ce ban taɓa bari ya gwada ba sabida sauri, ashe ya iya ɗaura igiyar takalmi tun tuni, minti biyar kawai yake buƙata ni kuma bana bashi. Ki tambaye shi shima me yake so ya iya, in baya magana ki jera masa hotuna ya nuna. Nawa shayi ya zaɓa, da shayi muka fara.

A bayan littafin ki rubuta duk sirrin da ke kanki, abincin da yake ci da wanda baya ci, ƙarar da ke tada masa hankali, alamun da yake nunawa kafin ya rikice, abun da ke kwantar dashi, sunan magungunansa da lokacin sha. Ki rubuta kaman wadda za ta yi tafiya ta bar ma baƙuwa gida. Ki ɗauki hoton shafukan ki tura ma mutum uku a waya.

Na biyu takardu, wannan ki yi shi da wuri dan yawo ne. Ki tabbata yana da NIN, da ya cika 18 a buɗe masa akawun da sunansa da BVN ɗinsa. Ki nemi rahoton likita a rubuce wanda ya faɗi lalurarsa ƙarara, ki yi hotonsa da yawa dan ko'ina za a tambaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi, akwai asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, akwai na LASUTH a Ikeja. Dan Allah kar sunan Yaba ya tsorata ki, na san yanda mutanen garin nan ke tsokana dashi, asibiti ne kaman kowanne. In a sashen yara ake ganinsa, tun kafin ya kai 18 ki tambayi likitansa ina za a maida fayil ɗinsa kuma wa zai karɓe shi, kar ki bari sai ranar da aka ce ya girmi wajen. Ki tambaya kuma akan farfaɗiya, tana yawan haɗuwa da otizim kuma wasu sai lokacin balaga take fara musu. Babu maganin da ke warkar da otizim, duk mai saida miki wani ruwa ko gari da wannan alkawarin kuɗinki yake so. Magungunan da likita ke bayarwa na rage wasu matsaloli ne kaman tsananin fushi ko rashin barci, kuma ba a yanke su dare ɗaya ba tare da sanin likita ba.

Ki je ki masa rajista a LASODA, ofishin jihar Legas na masu buƙata ta musamman a Ikeja, wanda aka kafa ƙarƙashin dokar jihar ta 2011. Akwai kuma dokar tarayya ta 2018 da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna musu wariya, har ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare su. Aiki da ita yana tafiyar hawainiya, amma ki san da ita, mai magana da doka a baki ba a raina shi kaman wanda yazo roƙo. Ki sa shi a inshorar lafiya ta jiha, Ilera Eko. Sannan ki riƙa sauraron taron otizim da bankin GTCO ke shiryawa duk shekara anan Legas, ana ganin ƙwararru kyauta.

Na uku shine asalin aikin, koyarwa, kuma anan yawancinmu muke karaya. Kuskuren da nayi shekara da shekaru shine ina cewa je ka yi wanka. A wajenki wanka abu ɗaya ne, a wajensa abu goma sha ne a jere. Toh ki farfasa kowane aiki gunduwa gunduwa. Ɗauki shayi: wanke kofi, zuba ruwa a butar lantarki zuwa layin da na manna jan salatif, danna maɓalli, jira ya kashe kansa, sa ganyen shayi, zuba ruwa, suga cokali biyu, madara, juyawa, cire filogi. Kowane mataki na ɗauki hotonsa a waya da kofinsa na gaske da hannunsa na gaske, na kai aka wanke mun, na liƙa a bango a jere. Hoton kayan gidanku ya fi zanen intanet aiki nesa ba kusa ba.

Wata dabara da wata ma'aikaciyar asibiti ta koya mun, Allah ya saka mata, ita ce ki fara daga ƙarshe. Ki yi duk matakan ki bar masa na ƙarshe kawai, ya juya ya sha. In ya ƙware ki bar masa biyun ƙarshe, a haka kina ja da baya har ya zama shi ke yi tun daga farko. Amfanin shine kullum shi ke gama aikin, kullum yana jin ya ci nasara. Taimakonki ma haka za ki riƙa janye shi, da farko hannunki akan nasa, sai ki koma nuni da yatsa, sai ki tsaya bakin ƙofa kiyi shiru. Shirun nan wallahi ya fi komai wuya, za ki ga yana shirin zuba suga cokali na uku bakinki na ƙaiƙayi, ki ƙirga goma a zuci tukun. Aiki ɗaya a lokaci ɗaya, a sa'a ɗaya kullum. Shayi ya ɗauke mu wata biyu, Indomie da ƙwai wata huɗu, wankin kayansa kusan shekara. Maganar gas kuwa ban sake masa ba sai da ya nuna mun sau ba adadi cewa yana rufe kan silinda, kuma ya san in yaji wari baya kunna komai, buɗe taga zai yi ya fita ya kira mutum. In naki bai kai nan ba ki tsaya a butar lantarki da tukunyar shinkafa ta lantarki, ba abun kunya bane.

Sai maganar da bamu son yi, balaga. Jikinsa na girma daidai da na sa'anninsa ko da maganarsa na baya. Babansa ko kawunsa ya zauna dashi ya koya masa aski da tsarki da wankan janaba da kalmomi a fili, banda habaici, yaranmu basa gane zaurance, abun da kika faɗa shi suke ɗauka. In mace ce ki fara koya mata sa audugar mata tun kafin al'ada ta zo. A koya musu wane waje ne na sirri a jiki, wa ke da izinin taɓawa, ina ake cire kaya, kuma cewa a'a ba rashin kunya bane ko ga babba ne. Mun saba tarbiyyar yi na yi bari na bari, amma yaron da aka koya ma bin umarnin kowa shine wanda mugu ke nema.

Na huɗu, hanya. Legas ba wasa, ga ihun kwandasta, ga hon, ga 'yan agbero, wato zauna gari banzan tasha, ga motocin haya na danfo da ke canja hanya ba sanarwa. Ki zaɓi hanya ɗaya tak wadda yake buƙata, ku bi tare sau da yawa a lokaci ɗaya, banda safiyar cunkoso. Daga nan ki bari ya wuce gaba kina binsa a baya, sai ki sa wanda bai lura dashi ba ya bi shi daga nesa, sannan ya tafi shi kaɗai ya kira in ya isa. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Agege, ya mana rana sosai sabida tashoshinsa basa canjawa, kuma da katin Cowry ake biya kaman BRT, ba rigimar canji. Ki saya masa abun toshe kunne amma ki koya masa cire shi in zai tsallaka titi, kuma inda akwai gadar ƙafa ita zai bi ko ta fi nisa.

A aljihunsa kullum akwai kati da aka lulluɓe da roba, da Hausa da Turanci da Yarbanci, yana cewa ina da otizim, ina iya kasa amsa tambaya da sauri, ga lambar mahaifina ga ta kawuna. Wata maƙwabciyata Bayarabiya ce ta rubuta mana na Yarbancin. Dalili kuwa, saurayi da baya kallon ido, yana maimaita magana, ko ya ruga in an daka masa tsawa, a garin nan kafin ki ce me an kira shi ɓarawo, kin kuma san abun da ke biyo baya. Mun yi ta gwaji a tsakar gida, kawunsa ya zama ɗan sanda, shi kuma ya tsaya cak, ya ce ina da kati a aljihu, ya jira a ce ya ciro. Babansa ya kai shi wajen Sarkin Hausawan unguwa da limamin masallacinmu da masu gadin layi ya gabatar dashi. Lambobin gaggawa na Legas 112 da 767 ne, suna cikin wayarsa kuma ya haddace.

Kuɗi kuwa gajeren zance ne: ambulan bakwai na kwana bakwai, kowanne da kuɗin ranar. Akawun ɗin da katinsa ke kai kar ya wuce na sati, sauran a wani wajen daban. Doka ɗaya muka dasa masa, ba a faɗa ma kowa lambar sirri, ko wanda ya kira yace daga banki yake, ko mai POS, ko aboki. An taɓa cinye masa kuɗin sati a hannun wani da yace aro, tun daga nan duk mai neman aro amsarsa ɗaya, sai na tambayi Baba.

Na biyar sana'a, dan zaman ɗaki ba aikin yi yana maida su baya. Mun fara kai shi Mile 12 wajen babansa, kwana uku ya dawo yana dukan kansa, hayaniya da warin kasuwar sun fi ƙarfinsa, laifinmu ne da bamu yi tunani ba. Sai muka duba me yake so tun yana ƙarami, jera abubuwa. Yanzu yana shagon kayan masarufi na kawunsa a Iju, shi ke jera kaya a kanta, shi ke duba ranar lalacewar kowane gwangwani, kuma kawun da bakinsa yace tunda yazo ba a ƙara samun madarar da ta wuce lokaci ba. Ki fara da awa biyu a rana. Ki faɗa ma mai shagon gaskiya, ki bashi shafin nan na bayan littafi, a nuna masa lungun da zai je ya huta in kansa ya ɗau zafi. Kuma a biya shi, ko kaɗan ne, a hannunsa, a rana tsayayya. Banda aikin a taimaka masa dan Allah, daga nan ake maida su bayi.

Na shida, ɗaki. Kar ki yi tsalle ɗaya. Mun fara barinsa shi kaɗai a gida na rabin awa ina shagon bakin layi, sai awa biyu, sai yini. Sai kwana ɗaya a gidan gwaggonsa a Idi-Araba da jakarsa da jadawalinsa, sai kwana uku. Da ɗaki ya fita a gidan hayar da muke, irin mai ɗakuna na kallon juna, muka kama masa, ƙofa huɗu tsakaninmu. In za ki nema ki duba abun da ejan bazai faɗa miki ba, ina ake ajiye janareta, akwai lasifika ko mashaya a jikin bango, mutum nawa ke raba banɗaki, layin na cika da ruwa da damina. Ki je da daddare ki ji da kunnenki. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a hannun sabon ɗan haya, ki karɓi rasit da yarjejeniya a rubuce. A ɗakin a sa fitila mai caji a waje ɗaya da baya canjawa sabida ɗauke wuta, makulli na biyu yana hannunki, amma ki riƙa sallama kina jira ya amsa kafin ki shiga, ɗakinsa ne.

Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, toh ki zauna ki rubuta wa ke da wace rana. Mu ni ce da safe, ƙanwarsa ke duba magani da dare, babansa ke tafiya dashi Juma'a, kawu ke da wajen aiki, akwai kuma wani ɗalibi ɗan unguwa da muke biya yana zuwa sau uku a sati suyi cefane da shara tare. Tare nace, ba ya yi masa ba, in ba haka ba kin ɗauki ɗan aiki ne kawai. Duk wanda za ki ɗauka ki san gidansu da wanda ya tsaya masa, ki riƙa faɗowa ba sanarwa. In kika ga ɗanki ya fara ƙin wani mutum, ko barcinsa ya lalace, ko ya koma fitsarin kwance, ko kuɗi na ɓata, kar ki ce halinsa ne, ki bincika. In cin zarafi ne akwai hukumar DSVA ta jihar Legas da ke karɓar irin wannan ƙara, kar a rufe a ce a bar ma Allah.

Za a baki shawarwari uku, na ji su duka. A maida shi ƙauye, a kai shi gidan mari, ko a masa aure ya warke. Ƙauye in akwai mai sonsa da ya san lalurarsa ba laifi, amma ba dan a ɓoye shi ba. Gidan mari kuwa duk mun ga abun da 'yan sanda suka tarar a Kaduna a 2019, mutane cikin sarƙa, ɗana bazai taka ba ina raye. Addu'a muna yi dare da rana, amma ba aljani a jikinsa da za a doke. Aure kuma in yana so kuma ya gane me ake nufi, aka faɗa ma yarinya da iyayenta gaskiya suka yarda, Alhamdulillah. Amma a ɗauko 'yar mutane a ɓoye mata dan ta zama mai jinya, zalunci ne akan su biyun.

Na ƙarshe shine wanda na fi jinkiri akai, bayan ranmu. Ki sani a Musulunci ba a yin wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun yarda, dan haka cewa na bar masa ɗakin nan a baki bazai tsaya ba. Abun da ake yi shine kyauta tun kina da rai a damƙa, ko waƙafi da amfaninsa zai riƙa zuwa gare shi, ki haɗa malami da lauya dan anan Legas takarda ke magana. A sa wanda zai kula da dukiyarsa, a sa wani daban da zai riƙa duba lissafin. Mu da Sallah babba muka tara 'yan uwa bayan an ci nama, babansa ya faɗi komai a gaban kowa, shima yana zaune, aka tambaye shi wajen wa yake so ya riƙa zuwa in bama nan, ya nuna kawunsa. Ƙanwarsa kuma na ja ta gefe na ce mata ba a ɗora mata shi ba, tayi karatunta tayi aurenta, abun da za ta iya shi muke so.

Watansa 8 kenan a ɗakinsa. Akwai satin da ya dawo ya kwana a falonmu sabida an canja masa maƙwabci mai kunna waƙa, muka bari ya huce, babansa ya je ya yi ma mutumin bayani, ya koma. Har yanzu baya iya zuwa asibiti shi kaɗai kuma canjin kuɗi sama da dubu biyar na rikita shi. Abun da muke kai a wannan watan shine sa kati a mitar wuta, lambobi 20 ne, na rubuta masa su huɗu huɗu a takarda, jiya ya kai na 12 kafin ya ɗago ya kalle ni, ni kuma ina bakin ƙofa na harɗe hannu a baya.